Daga Hanjin Uwa Zuwa Nononta: Binciken Farfesa Linda Saif Da Gudawar Yara

   

Yau maganarmu a kan gudawar yara ce, wato zawo. Babu gidan da bai san ta ba. Sai dai yau za mu biyo mata ta wata hanya daban. Za mu leƙa ƙasar Amurka, wajen wata mata masaniya mai suna Farfesa Linda Saif, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana binciken ƙwayoyin cutar da ke shiga hanjin dabbobi da na mutane. Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da ciwon dabbobin Amurka? Ki ɗan yi haƙuri 'yar uwa, ki gyara zama. Abin da matar nan ta gano ya shafi jaririn da ke goye a bayanki, ya kuma shafi akuyar da ke ɗaure a turkenki.

Da farko bari mu san abokin gabar. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai tsutsar ciki, wadda ido ke iya gani. Akwai waɗanda ake kira bakteriya, su ne ke kawo kwalara da taifod, sai da madubin likita ake ganinsu, kuma akwai magungunan da ke kashe su. Sannan akwai waɗansu da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana ce musu bairos. Su ne ke kawo ƙyanda da shan-inna da mura. Shi bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ko dabba, ya zauna a ciki ya yi ta yawa har ya lalata ta. Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya ba sa yi masa komai. Ki riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A cikin bairos ɗin da ke shiga hanji, wanda ya fi yi wa ƙananan yara ɓarna shi ne wanda ake kira rota. Kafin a samu rigakafinsa, kusan kowane yaro a duniya yakan kamu da shi kafin ya cika shekara 5, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, na Landan da na Kano. Yana fita da yawan gaske cikin kashin yaron da ya kamu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kama wani, ta hannu ko kwano ko tabarma ko abin wasa. Bayan kamar kwana 2 sai zazzaɓi da amai, daga nan sai gudawa tsululu kamar ruwa, wadda kan ɗauki kwana 3 zuwa 8. A nan Afirka ta Yamma ya fi tashi lokacin hunturu. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2000 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 528,000. A shekarar 2013 adadin ya sauko zuwa 215,000, amma kusan rabinsu a ƙasashe 4 ne kawai: Indiya da Nijeriya da Pakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Kin ga ke nan maganar tamu ce.

Yaya yake kisa? Cikin ƙaramin hanji akwai waɗansu 'yan tsirarrakai birjik, kamar gashin sabon tawul. Su ne ke tsotse ruwa da amfanin abinci su kai cikin jini. Rota yana shiga kawunan 'yan tsirarrakan nan ya lalata su, su dunƙule. Sai ruwan da ya kamata ya shiga jiki ya zarce waje. Banda haka yana sakin wani dafi da ke sa hanjin da kansa ya riƙa tsiyayo ruwa. Jikin jariri kuwa ƙarami ne, ruwansa ba yawa. Idan ana amai ta sama ana gudawa ta ƙasa, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ya bushe. Bushewar nan ita ce ke ɗauke yaro.

Abin mamaki, a jikin dabbobi aka fara ganin wannan ƙwaya. A shekarar 1969 wani likitan dabbobi mai suna Charles Mebus, a jihar Nebraska ta Amurka, ya nuna cewa bairos ne ke sa maruƙa sababbin haihuwa gudawa. Sai a shekarar 1973 wata masaniya, Ruth Bishop, tare da abokan aikinta a asibitin yara na birnin Melbon a ƙasar Ostireliya, suka gan shi cikin hanjin yaran da aka kwantar. Da aka kwatanta sai aka ga ashe na maraƙi da na yaro 'yan gida ɗaya ne. A shekarar 1974 aka raɗa masa suna rota, wato wili ko ƙafar keke da harshen Latin, domin haka kamanninsa suke a cikin madubi mai aiki da lantarki.

To a daidai waɗannan shekaru ne Linda Saif ta fara aikinta, tana ɗaliba a cibiyar binciken noma ta Jami'ar Jihar Ohayo, a wani ƙaramin gari mai suna Wooster. A nan ta ci gaba da aiki bayan ta kammala digirinta na uku a shekarar 1976. Manoman yankin masu kiwon aladu ne, kuma wata cutar gudawa tana yi musu ta'adi. Wani bairos ne daga dangin korona ke kawo ta. Idan ta shiga garke, 'ya'yan aladun da ba su kai mako 2 ba kusan dukansu sai su mutu. Na san mu alade ba dabbarmu ba ce, kuma ba maganar cinsa muke yi ba. Masana sun mai da hankali kansa ne saboda hanjinsa da yadda jikinsa ke kare kansa sun yi kama ƙwarai da na ɗan Adam.

Abin da ya ɗaure wa likitocin dabbobi kai shi ne wannan. Ana yi wa uwa allurar rigakafi, a duba jininta a ga cike yake da sinadaran garkuwa, amma ta haihu 'ya'yan su kamu su mutu. Ita kuwa uwar da ta taɓa kamuwa da cutar ta warke, 'ya'yanta sai su tsira muddin suna shan nono. Mece ce bambancin? Linda Saif da malaminta Edward Bohl da abokan aikinsu suka bi diddigi, suka fitar da sakamako a shekarar 1972. Suka gano cewa sinadaran garkuwa ba iri ɗaya ba ne. Wanda allura ke haifarwa ya fi zama cikin jini, yana fitowa a nonon farko, bayan 'yan kwanaki kuma sai ya ragu ƙwarai. Amma idan ƙwayar cutar ta bi ta baki ta shiga hanjin uwa, sai jikinta ya yi wani irin na daban, masana suna kiransa IgA. Shi wannan yana ci gaba da fitowa cikin nono har lokacin yaye, kuma ruwan cikin jariri ba ya saurin narkar da shi.

Ga yadda abin yake, 'yar uwa. Cikin bangon hanjin uwa akwai ƙwayoyin halitta masu gadi. Duk ƙwayar cutar da ta shigo ta baki sai su gane ta, su koyi yadda ake yaƙar ta. Idan uwa tana da ciki ko tana shayarwa, waɗansu daga cikin masu gadin nan sai su tashi daga hanji, su bi jini su tafi mama su zauna. A can sai su riƙa zuba maganin wannan ƙwaya cikin nono. Jariri ya tsotsa, sai maganin ya shafe bangon hanjinsa, ya kama ƙwayar cutar kafin ta samu wurin maƙalewa, ta fita tare da kashi. Wato akwai hanya tsakanin hanjin uwa da nononta. Binciken da aka yi daga baya ya tabbatar haka abin yake ga mata 'yan Adam. Ikon Allah ke nan!

Ki duba hikimar da ke ciki. Ke da jaririnki ɗaki ɗaya kuke kwana, ƙasa ɗaya kuke takawa. Ƙwayar cutar da ke yawo a gidanku, wadda za ta iya kama shi, ke ma ta shiga bakinki, jikinki ya san ta. Saboda haka nononki yana ɗauke da garkuwar da ta dace da gidanku. Madarar gwangwani, komai tsadarta, ba ta san gidanku ba.

Akwai darasi na biyu. Wannan garkuwa ta nono ba ta daɗewa cikin hanjin jariri, tana wucewa kamar yadda abinci ke wucewa. Sai an riƙa sabunta ta. A binciken dabbobi, ɗan da aka raba da uwarsa nan da nan kariyarsa ke ƙarewa. Shi ya sa ake cewa a ba jariri nono duk lokacin da ya nema, dare da rana, nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa masa ba, domin nonon kansa mafi yawansa ruwa ne. Bayan wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2, kamar yadda ya zo a Alƙur'ani mai girma cikin Suratul Baƙara. Shi ya sa kuma lokacin yaye lokaci ne na sa ido, musamman idan an cire yaro rana ɗaya an kai shi gidan kaka.

Daga nan Farfesa Saif ta koma kan shanu. Shi maraƙi, haka ɗan akuya da ɗan tunkiya, ana haihuwarsu ba su da garkuwa ko kaɗan, domin mabiyiyar dabbobin nan ba ta barin ta wuce daga uwa zuwa ɗa. Duk abin da za su samu daga dakashi ne, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Cikin kwana ɗaya na farko kawai hanjinsu ke iya shigar da ita cikin jini, bayan nan ƙofa ta rufe. A farkon shekarun 1980 ita da abokan aikinta suka yi wa shanu masu ciki rigakafin rota, suka riƙa ba maruƙa dakashinsu, sai maruƙan suka tsira daga gudawar da ta kama waɗanda ba su samu irin wannan dakashi ba. Har yau masu kiwon shanu a ƙasashe da yawa suna yi wa saniya rigakafi kafin ta haihu saboda ɗanta.

Mu 'yan Adam Allah ya yi mana sauƙi, jariri yana samun wani kaso na garkuwar uwa tun yana ciki. Amma garkuwar hanji sai ta nono, kuma babu nonon da ya kai dakashi yawanta. A nan nake roƙon iyayenmu kakanni da ungozomomi, da ladabi. A wurare da yawa mun gaji al'adar matse dakashi a zubar, a ce dauɗa ne ko bai nuna ba, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har kwana 2 ko 3, sai farin nono ya zo. An yi haka ne da kyakkyawar niyya. Amma yanzu an auna an gani. Kaurin nan da kalar nan, garkuwa ce da bitamin A. Ɗan kaɗan yake fitowa domin cikin jariri a ranar farko ɗan mitsitsi ne. A sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa. Ke da kike kiwo ma kin sani, ɗan akuyar da bai sha nonon farko ba da wuya ya yi ƙwari.

Sai dai mu faɗi gaskiya: nono yana rage kamuwa da rage tsanani, bai hana rota gaba ɗaya. Tsafta ma haka, domin ko a ƙasashen da ruwan famfo ya wadata yara sun ci gaba da kamuwa har sai da rigakafi ya zo. Don haka idan ɗan kishiyarki ko ɗan maƙwabciya ya kamu, kada a yi saurin cewa ƙazantar uwarsa ce. Haka kuma maganar da muka saba, wai haƙori ne. Lokacin da haƙori ke fitowa, wajen wata 6 zuwa sama, shi ne lokacin da garkuwar da yaro ya fito da ita daga ciki ke ƙarewa, shi ne lokacin da yake fara rarrafe yana kai komai baki, shi ne kuma lokacin fara kunu. Haɗuwa suka yi. Gudawa mai yawa ba ta haƙori ba ce, kada a zauna ana jiran haƙori ya fito.

To ina rigakafi? A nan ma aikin Farfesa Saif ya yi amfani. Ba a fara gwada sabon abu a jikin jariri. Sai ita da mutanenta suka riƙa ciro 'ya'yan aladu ta hanyar tiyata, su rene su cikin akwatunan da ba ƙwayar cuta ko ɗaya. A shekarun 1990 suka nuna cewa idan aka ba su rota na ɗan Adam suna yin gudawa irin ta yara. Ta haka aka samu damar ganin abin da ke faruwa cikin hanji kwana bayan kwana. Suka ga abin da ya fi nuna cewa ɗan dabba ya samu kariya shi ne yawan IgA ɗin nan a hanjinsa, kuma rigakafin da aka ba da ta baki ya fi gina ta a can. Cutar hanji, a hanji ake tare ta. Rigakafin rota da ake ba yara yau duk ɗigawa ake yi a baki, ba allura ba ce.

Ƙwayar da ke cikin ɗigon nan mai rauni ce, ba ta da ƙarfin kawo cuta mai tsanani, sai dai ta koya wa hanji yaƙi. Waɗansu an samo ta daga rota na mutane, waɗansu kuma an haɗa na mutane da na shanu, domin na shanu ba ya yi wa yaro illa sosai. Na farko da aka fitar a Amurka a shekarar 1998 an janye shi a 1999, saboda an ga yana sa hanjin waɗansu jarirai ƙalilan ya shige cikin juna. Wannan ya sa waɗanda suka biyo baya, irin su RotaTeq da Rotarix, sai da aka gwada kowanne a jikin yara fiye da 60,000. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta sa shi cikin rigakafin yara. Sudan ta fara a 2011, Gana a 2012, Kamaru da Nijar a 2014, Nijeriya a watan Agusta na 2022, Chadi kuma a 2024.

Ƙasar Hausa ma ta ba da gudummawa. A Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar sun gwada wani ɗigo mai suna Rotasiil, wanda aka yi a Indiya, mai jure zafi, a jikin jarirai kimanin 3,500. Sakamakon da ya fito a shekarar 2017 ya nuna ya rage gudawar rota mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100.

Wata za ta ce, me ya sa ba ɗari bisa ɗari ba? Tambaya ce mai kyau. A ƙasashe masu arziki rigakafin nan yana hana sama da kashi 85 cikin 100 na ciwo mai tsanani, a Afirka kuwa gwaje-gwaje sun nuna tsakanin kashi 40 zuwa 70. Farfesa Saif da mutanenta sun nemi dalili. Suka ga 'ya'yan dabbar da ba su samu isasshen bitamin A ba, ko abinci mai gina jiki, rigakafin ba ya kama jikinsu yadda ya kamata, kuma gudawarsu ta fi tsanani. Ashe sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'anarsa gare mu ita ce, mai ciki da mai shayarwa su ci abinci mai kyau gwargwadon hali: wake, gyaɗa, ƙwai, hanta, kifi, zogale, manja, karas, gwanda, mangwaro. Yaro kuma daga wata 6 zuwa shekara 5 a karɓar masa bitamin A duk bayan wata 6. Ko da ya kamu bayan rigakafi, galibi ciwon yakan zo da sauƙi.

A Nijeriya ana ba da ɗigon rota sau 3: yaro yana mako 6, da mako 10, da mako 14, tare da sauran rigakafin wannan lokaci, kyauta a asibitocin gwamnati. Waɗansu ƙasashe sau 2 ne, ya danganta da irin da suke amfani da shi. Ba shi ne na shan-inna da ake bi gida-gida ba, wannan sai an kai yaro. Ki lura mako 6 ya yi daidai da gama wankan jego, saboda haka ki haɗa lissafin da arba'in. Ba sai kin hana shi nono kafin ko bayan ɗigon ba. Shigewar hanjin nan da na ambata tana da wuyar faruwa ƙwarai da rigakafin yanzu, amma idan cikin makon da aka ba shi kika ga yana tsala kuka yana naɗe ƙafafu, yana amai, ko jini a kashinsa, a kai shi asibiti nan take.

Yanzu mu dawo tsakar gida, wajen awaki da tumaki da kaji. Kiwo shi ne asusun mace, babu mai cewa ki daina. Yawanci kowace dabba da irin nata rota, kuma yara daga yara 'yan uwansu suka fi ɗauka. Amma wani lokaci yakan tsallaka. Idan na dabba da na mutum suka haɗu a hanji ɗaya, suna iya musayar sassa su haifar da sabon iri. A ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, an samu yara ɗauke da rota mai kama da na shanu. Wannan tsallake shi ne abin da Farfesa Saif ta daɗe tana jan kunne a kansa game da dangin korona, tun ana ganin ciwon dabbobi ne kawai. Lokacin annobar cutar SARS a shekarar 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi shawararta. A shekarar 2015 ta zama mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Wolf a fannin noma.

Abin yi mai sauƙi ne. A ware wa dabbobi gefensu, nesa da madafa da randa. A share kashinsu safe da yamma, domin banda rota yana ɗauke da waɗansu ƙwayoyin cutar masu sa gudawa. Kaji su kwana a akurki. Mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma mai tsafta. Ɗan akuyar da ke zawo a keɓe shi, kada yara su yi wasa da shi. Madarar shanu ko ta akuya a tafasa kafin a sha. Kashin yaro kuma ba ruwa ba ne kamar yadda ake cewa, a zuba shi a masai, a wanke fo. A wanke hannu da sabulu bayan yi wa yaro tsarki da bayan taɓa dabba, da kuma kafin girki da ba yaro abinci.

Idan kuma gudawa ta riga ta zo fa? Ki tuna mun ce kafso ba ya kashe bairos. Kuɗin da za ki aika kemis a sayo kafso ko maganin tsayar da zawo, ki sayi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wato ORS, da ƙwayar zinki. Maganin tsayar da zawo yana da haɗari ga ƙananan yara. Shi ruwan gishiri da sukari, sukarin ne ke jan gishiri, gishirin ya ja ruwa su shiga jini ta sassan hanjin da suka rage da lafiya. A zuba ƙunshi ɗaya cikin ruwan da aka tafasa ya huce, daidai adadin da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. Ki sa ma'aikaciyar lafiya ta nuna miki iyakar lita a jikin kwanonki, ki yi alama. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, wanda ya wuce haka rabi zuwa kofi guda. Da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zinki kuma ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata 6 ba, ko da gudawar ta tsaya. Kada a daina nono, a ƙara ma. Kada a hana abinci.

Ga alamomin da in kin gani ba a jira gari ya waye: idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, jiki ya saki ko barci ya yi yawa, fitsari ya ɗauke, an ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko akwai jini a kashi. Maɗigar da ta lotsa alamar ƙarewar ruwa ce, shafa mata magani a ka ba zai ɗago ta ba. Yaron yana bukatar asibiti, wataƙila ƙarin ruwa.

A nan sai maganar maigida. Mu da muke cikin kulle ba ma fita sai da izini, ciwon nan kuwa bai san maigida ya tafi kasuwa ko ya yi tafiya ba. Saboda haka ki zauna da shi tun yara suna lafiya, ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ku yi shawara: in yaro ya shiga irin wannan hali ba ya nan, wa zai raka ki, da wane kuɗi, zuwa wane asibiti? Ki nemi izinin tun yanzu, har da na ranakun rigakafi 3 ɗin nan. Ki kuma roƙe shi ya ajiye miki ƙunshin ORS ko da 2 ne da zinki a ɗaki. Iyayenmu maza da ke saurare, mun san kuna ji, wannan amana ce a wuyanku, Allah ya ba ku ikon saukewa.

To 'yan uwa, lokaci ya yi halinsa. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, musamman masu ciki da masu jego. A ba jariri dakashinsa, a duba katin rigakafinsa a ga ko an rubuta rota. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka rasa 'ya'ya kuma Allah ya ba su haƙuri, ya sa masu ceto ne.